Tarihin Taki a Jigayin Ƙasar Gumel

Ƙasar da ta haɗa Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, wato ƙananan hukumomi huɗu da ke ƙarƙashin masarautar Gumel, ƙasa ce ta rairayi irin wadda manoma ke kira jigawa, kuma daga wannan kalma ce jihar da aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta, 1991 ta samo sunanta. Jigayin nan tsofaffin tuddan yashi ne da iska ta tara a wani zamani mai nisa, lokacin da hamada ta gangaro kudu fiye da inda take a yau, daga baya ciyawa da itatuwa suka ɗaure su wuri ɗaya. Ƙasar tana da daɗin aiki, domin fartanya na shigarta ba tare da wahala ba, amma ba ta riƙe ruwa kuma ba ta riƙe abincin shuka, saboda ruɓaɓɓen ganye da sauran dattin da ke sa ƙasa ta yi duhu ta yi laushi bai cika kaiwa kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinta ba. Don haka ƙarfin gona a wannan yanki abu ne da ake ɗaukowa daga wani wuri a kawo mata, kuma wanda ya bi tarihin noma a nan zai ga cewa mafi yawansa tarihin hanyoyin da taki ke bi ne kafin ya isa gona, da na mutanen da waɗannan hanyoyi ke hannunsu.

Kalmar taki a bakin manomi ta ƙunshi duk abin da aka zuba wa gona don ta ƙara ƙarfi, kama daga kashin shanu da na awaki da tumaki, zuwa tokar murhu da sharar tsakar gida da juji. Masana kimiyyar ƙasa sun rarrabe abin da shuka ke nema a cikinsa zuwa manyan sinadarai uku. Na farko shi ne naitirojin, wanda ke sa ganye ya yi kore shar kara ya yi tsawo. Na biyu fosforos, wanda ke gina saiwa da ƙwaya. Na uku fotash, wanda ke taimakon shuka wajen jure ƙishi da cuta, ya kuma cika 'ya'yan itace da zaƙi. Jigawa tana da ƙarancin na farko da na biyu ƙwarai, kuma manomi ya daɗe da sanin alamar hakan tun kafin ya ji sunayensu, domin gonar da ta gaji gero ne ke fitowa a cikinta ja gajere, ƙuduji kuma, wato ciyawar nan mai jan fure da ke tsotse saiwar hatsi, ya mamaye ta.

Hanya mafi tsufa ta mayar wa gona ƙarfinta ita ce a bar ta ta huta. Gonar da aka bari haka ita ake kira saura, kuma a cikin shekarun hutunta sabara da kalgo da geza kan tsiro, saiwoyinsu su jawo abinci daga can ƙasa, ganyensu ya zube a sama ya ruɓe. Wannan dabara tana bukatar fili mai yawa da mutane kaɗan, kuma haka ƙasar Gumel take a mafi yawan ƙarni na 19. Masarautar, wadda Mangawa suka kafa wajen tsakiyar ƙarni na 18, tana bin Barno ne, ba ta shiga daular Sakkwato ba, sai ta zama kan iyaka tsakanin Kano da Haɗeja da Damagaram, wurin da yaƙi da harin bayi ba su ƙyale ƙauyuka sun yi yawa ba. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ratsa Gumel a watan Maris na 1851, ya same ta babbar kasuwar kanwa da ake kawowa daga Barno da Muniyo a wuce da ita har Nufe. Da ya sake biyowa a 1854 sai ya tarar garin ya yi baya saboda rikicin gadon sarauta. A irin wannan zama mutane kan tattaru kusa da ganuwa, sai noma ya kasu gida biyu: akwai karkara, wato gonakin da ke kewaye da gari waɗanda ake nomawa kowace shekara domin ana kai musu taki, akwai kuma gonakin daji da ake sassabe a noma 'yan shekaru a bari. Ayarin jakuna da raƙuma da takarkarai da ke sauka a zangon gari su ma suna barin abin da suka bari, kuma ba a yin asararsa.

Babban mai kawo taki, duk da haka, shi ne Bafillace makiyayi. Idan an gama girbi an kwashe dammuna, manomi kan gayyaci mai garke ya sauka a gonarsa ya kafa mashekari, wato wurin kwanan shanu na rani, dabbobi su ci kara da harawar da ta rage, su kwana su yi kashi da fitsari a wurin, bayan 'yan kwanaki a matsar da turaku gaba har a zagaye gonar. Mai gona kan ba da hatsi ko ruwan rijiya ko wurin zama, matan Fulani kuma su shiga gari da nono da man shanu su musanya da gero. Amfanin wannan tsari ya wuce abin da ido ke gani, domin fitsarin dabba yana ɗauke da kaso mai yawa na naitirojin da fotash da ke fita daga jikinta, kuma wanda ya kwashi busasshen kashi a mangala ya riga ya bar wannan kason a inda dabbar ta kwana. Ban da haka, shanun da suka yini suna kiwo a daji suka dawo gona da dare suna ɗebo ƙarfin fili mai faɗi ne su tara shi a ƙaramin wuri. Ya kamata a lura cewa ba kowane manomi ke samun garke ba: mai rumbu cike da mai rijiya da mai sarauta su ake fara sauka wa, don haka tun a wancan zamani taki yana bin mai hali, gonar talaka kuwa ta jira abin da akuyarsa biyu za su tara a turke.

Akwai kuma masu kawo taki guda biyu da ba a biyan su. Ɗaya shi ne gawo, itacen da ke saɓa wa sauran itatuwa, domin yana yin ganye da rani ya zubar da shi a farkon damina, ta yadda inuwarsa ba ta danne shuka, ganyen da ya zuba kuma ya zama taki daidai lokacin da gero ke bukata. Saiwarsa tana kama naitirojin daga iska kamar yadda ta wake ke yi, 'ya'yansa abincin dabbobi ne a tsakiyar bazara, dabbobin da ke fakewa a inuwarsa kuma suna ƙara wa wurin ƙarfi, shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na sauran gona tsawo da kauri. An ruwaito cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun kafa doka mai tsanani a kan sare shi, kuma har yau gonakin da ke tsakanin Magarya da Matamai, a tsallaken iyaka cikin Nijar, cike suke da shi. Ɗayan kuma ƙurar hunturu ce, wadda iska ke kwasowa daga busasshen kwarin Bodele a ƙasar Chadi ta shimfiɗa ta a kan gonaki, tana ɗauke da fotash da sinadarin alli, kuma tana cikin dalilan da suka sa ƙasar Hausa ba ta cika fama da ƙarancin fotash a noman hatsi ba.

A kewayen birnin Kano, inda mutane suka yi yawa har saura ta ɓace tun da daɗewa, jakuna kan shiga birni da itace su fito da mangala cike da juji, kuma binciken da Michael Mortimore ya yi a can cikin shekarun 1960 ya nuna yadda wannan zirga-zirga ta riƙe gonaki ana noma su ba hutu. Ƙasar Gumel ba ta da birni mai irin wannan juji, kuma ba ta matsu da shi ba sai da ƙarni na 20 ya sauya lissafi. Annobar shanu da ta ratso daga gabas wajen 1890 ta kashe mafi yawan garkunan ƙasar Hausa, Turawa suka karɓi Gumel a 1903, yunwar Kakalaba ta biyo baya a 1913 zuwa 1914, amma zaman lafiyar da ya biyo ya sa mutane suka bazu cikin daji suna kafa ƙauyuka. Abin da ya fi kowanne tasiri shi ne layin dogo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen da ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori kuma ya isa Nguru a 1930, kuma garin Gagarawa Tasha, kamar yadda sunansa ya nuna, a gefen wannan tasha ya girma, daban da tsohon garin Gagarawa. Nan aka kafa sikeli, nan jakuna da raƙuma ke sauke buhunan gyaɗa, kuma manomin da ake bi haraji da tsabar kuɗi ya samu abin da zai noma ya biya.

Gyaɗa tana son rairayi, kuma da yake tana kama naitirojin da kanta sai ta yi kamar ba ta cin ƙasa. Amma ana tuge ta ne gaba ɗaya, ƙwayar ta hau jirgi zuwa Ikko ta haye teku, harawar ta tafi turke ko kasuwa, kuma kowane buhu yana tafiya da fosforos da alli da farar wuta waɗanda babu mai mayar da su. Wannan ne karo na farko da ƙarfin jigayin Gumel ya riƙa fita daga ƙasar baki ɗaya maimakon ya zagaya tsakanin daji da garke da gona, kuma ya zo daidai da lokacin da shekarun hutun saura ke raguwa.

Ma'aikatar gona ta Turawa ta ga matsalar da wuri. A kudu, a gonar gwaji ta Ibadan, an gwada shuka wani irin wake a binne shi ɗanye don ya zama taki, amma a arewa gajeriyar damina ba ta ba manomi damar ɓata shekara a kan abin da ba zai ci ba. Sai aka ɓullo da shirin noma da kiwo a haɗe a 1928, inda En'e ke ba manomi bashin bijimai biyu da garma, da nufin ya ajiye su a gida ya shimfiɗa musu kara, ya samu taki nasa na kansa ba sai ya jira makiyayi ba. Manoma sun karɓi shanun huɗa, ko da yake abin da ya fi jan hankalinsu shi ne faɗaɗa gona, ba tara taki ba, kuma faɗaɗawar ta ƙara cinye saura. Gwaje-gwajen da aka yi a Kano da Samaru cikin shekarun 1930 sun gano wani abu mai muhimmanci, wato cewa ɗan takin dabbobi kaɗan yana ƙara amfani sosai, kuma mafi yawan wannan ƙari daga fosforos ɗin da ke cikinsa yake zuwa. Daga nan aka kama hanyar takin da manoma ke kira sufa, wanda wani Baturen Ingila, John Bennet Lawes, ya yi wa rajista tun 1842, ana yin sa ta hanyar jiƙa ƙashi ko dutsen fosforos da ruwan asid. Sufa ta dace da gyaɗa kamar an auna, domin tana ɗauke da fosforos da alli da farar wuta, ainihin abubuwa ukun da gyaɗa ke kwashewa, kuma ita ce takin zamani na farko da malaman gona suka riƙa tallata wa manoman arewa a shekarun 1950 da 1960.

Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ya kori makiyaya kudu, cutar da ta nannaɗe ganyen gyaɗa a 1975 kuma ta kawo ƙarshen zamanin dalar gyaɗa. A daidai wannan lokaci kuɗin man fetur ya shigo, gwamnatin tarayya ta karɓi saye da rarraba taki a hannunta a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa na mulkin Obasanjo aka kuma buɗe masana'antar sufa a Kaduna. Rangwamen da gwamnati ta riƙa yi a kan taki ya kai kashi uku cikin huɗu na farashi, wasu shekarun ma ya zarce. A farkon shekarun 1980 hukumar KNARDA da kamfanin KASCO suka buɗe rumfunan sayar da kayan gona a ƙauyukan tsohuwar Jihar Kano, wadda Gumel ke cikinta a lokacin, masana'antar yuriya ta Onne kuma ta fara aiki a ƙarshen shekarun. Nan ne kalmomin kamfa da yuriya suka shiga bakin kowa: kamfa ita ce takin da ya haɗa sinadaran nan uku, yuriya kuwa farin taki ne mai kama da gishiri wanda kashi 46 cikin ɗari na nauyinsa naitirojin ne zalla.

Abin da ya sauya a nan ya fi sauyin kaya. A da manomi yana neman taki ne wurin maƙwabcinsa makiyayi, daga nan kuwa sai ya koma nemansa wurin hukuma, kuma abin da ke hannun hukuma yana bi ta hannun mai unguwa da kansila da ɗan siyasa da ɗan kasuwa kafin ya isa gona, sau da yawa bayan gero ya riga ya yi bununi. Tazarar da ke tsakanin farashin gwamnati da na kasuwa ta mai da buhun taki hajar fasa-ƙwauri, kuma yankin da ke da iyaka da Nijar bai rasa ganin hakan ba. An janye rangwamen a 1997, amfani da taki ya faɗi warwas, aka dawo da shi da kashi 25 cikin ɗari a 1999. Shirin 2012 na ministan gona Akinwumi Adesina ya gwada aika wa manomi saƙo ta wayar salula ya je ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. A watan Disamba na 2016 Najeriya ta ƙulla yarjejeniyar fosforos da Maroko, aka kafa kwamitin shugaban ƙasa kan taki ƙarƙashin gwamnan Jigawa na lokacin, Muhammad Badaru Abubakar, aka kayyade buhun kamfa a kan naira 5,500. Yaƙin Rasha da Yukiren na 2022 da faɗuwar darajar naira sun sa wannan farashi ya zama labari.

A gefe guda kuma tsohuwar hulɗa ta lalace. Noma ya cinye burtali da makiyaya, duk da dokar kare wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965. Kara da harawa da ƙaiƙayi sun zama kuɗi, manomi yana kwashe su tas ya ɗora a kan bishiya ko rufin ɗaki, sai garken da ya shigo gona ya zama mai ɓarna maimakon baƙo. Takin gargajiya bai ɓace ba, sai dai ya zama haja da ake aunawa da amalanke ko mota, kuma wurin da dabbobi ke taruwa, kamar karar Maigatari da ke ci kowace Alhamis, yana tara abin da ake saye a kai gona.

Wannan doguwar hanya ita ce ke bayyana abin da ke jiran duk wanda zai dasa itace mai daɗewa a jigawa, kuma inabi misali ne mai kyau, ko da yake ba tsohon amfanin ƙasar Gumel ba ne. A Najeriya yankin Zariya ne ya yi suna da shi, musamman ƙaramar hukumar Kudan ta Jihar Kaduna, ba nesa da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ba. A ƙasashen da ya fito, sanyin hunturu ne ke kwantar da kurangar inabi ta zubar da ganye ta huta. A ƙasa mai zafi ba ta hutawa, sai manomi ya datse rassanta da kansa don ya tilasta mata sabon toho, ya kuma auna lokacin yadda 'ya'yan za su nuna da rani, domin ruwan damina yana fasa su ya jawo musu fumfuna. Manoman Nashik a ƙasar Indiya suna datsa sau biyu, ɗaya a Afrilu don gina rassa, ɗaya a Oktoba don fitar da 'ya'ya, kuma abincin da ake ba kuranga yana bin wannan kalanda ne.

Ɗabi'ar da shekarun rangwame suka koya wa manomin hatsi, ta auna kyan gona da koren ganye, tana cutar da inabi. Yuriya idan ta yi yawa kuranga kan haukace da rassa, inuwa ta rufe nonnan, fure ya kakkaɓe, abin da ya rage ya yi tsami ya ƙi nuna. Kamfa mai lamba 20-10-10, wadda shirin 2016 ya yawaita, an haɗa ta ne don masara da shinkafa, rabin abincin da ke cikinta naitirojin ne, alhali kuranga mai ɗauke da 'ya'ya fotash ta fi nema, kuma shi ne sinadarin da ke fita da yawa a cikin kowane kwandon da aka tsinka, fiye da abin da ƙurar hunturu za ta mayar. Inabi kuma ba ya jure gishiri, don haka irin fotash ɗin da aka haɗa da farar wuta ya fi masa wanda aka haɗa da sinadarin gishiri, kuma rijiyar da ruwanta ke da kanwa ba ta dace da shi ba. A kan rairayi, duk takin zamanin da aka zuba a tashi ɗaya ban-ruwa zai wanke shi ya wuce saiwa, sai an rarraba shi kaɗan-kaɗan, kuma ko hakan ba ya wadatarwa idan babu ruɓaɓɓen taki a ƙasa da zai riƙe shi.

Malaman noma na Andalus sun tsaya a kan wannan tun da daɗewa. Ibnul Awwam na Ishbiliya, a littafinsa Kitabul Filaha na ƙarni na 12, ya ware babi guda a kan nau'o'in taki, ya fifita kashin tantabara, ya kuma ja kunne a kan zuba wa itace ɗanyen taki kafin ya ruɓe. A jigawa wannan jan kunne yana da ƙarin dalili, wato gara, wadda ɗanyen kashin shanu da kara ke jawowa gindin dashe. Masu lambu kan haƙa rami tun da rani, su cika shi da ƙasar sama da aka cakuɗa da takin da ya shekara a juji har ya yi baƙi ya daina wari, a ƙara ɗan sufa a ƙasan ramin inda saiwa za ta same ta, domin fosforos ba ya tafiya a cikin ƙasa kamar yadda naitirojin ke yi. Bayan kowace datsa ana buɗe kwari a gefen layi a sake zuba wani, ana fifita na awaki da tumaki da kaji a kan na shanu saboda ƙarfinsa, a rufe da ƙasa, sa'an nan a sako ruwa.